Ƙananan mutum-mutumin Sin guda biyar a Damagaram: su wane ne, kuma na da ne ko na jiya?

Ɗan Birni:

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina neman wanda ya san kayan Shinuwa, wato mutanen Sin, na da. Ƙananan mutum-mutumi ne guda biyar cikin kayan gado da ba a raba ba tukuna, magada kuma na son a san ko mene ne su kafin a yi musu kuɗi.

Na farko dutse ne mai launin zuma, tsayinsa santimita 14, yana da santsi da sanyi a hannu. Tsoho ne mai dogon gemu, kansa ba gashi, goshinsa ya kumbura ya yi sama. A hannun dama doguwar sanda da ɗan gora rataye, a hagu wani ɗan itace mai tsini. Na biyu ƙarfe ne baƙi-baƙi, santimita 9: saurayi mai dariya, ba takalmi, ya taka kwaɗo. Kwaɗon ƙafa uku gare shi, wataƙila ɗaya ta karye. A ƙarƙashinsa akwai hatimi mai harafi shida. Na uku itace ne mai duhu, santimita 22, ramammen mutum haƙarƙari a waje, sanda a hammata, gora a baya, an yi wa rigarsa ado da siririyar farar waya. Ya tsage daga kafaɗa zuwa ƙugu. Na huɗu ɗan mitsitsi ne, santimita 4, fari mai ɗan rawaya, mai ƙaton ciki yana dariya jingine da buhu, da huda biyu a bayansa. Ana cewa hauren giwa ne. Na biyar na yumɓu ne, tsoho a zaune da malafa a baya, rigarsa shuɗiya mai ƙyalli, fuska da hannuwa ba ƙyalli, an buga CHINA a gindinsa.

Su wane ne waɗannan? Yaya ake gane tsoho daga sabo? Kuma yaya za a ajiye su kada hunturu ya ƙarasa su?

Malamar Tarihi:

Wa alaikumus salam Malam Ɗan Birni, Allah ya jiƙan mai kayan. Huɗu daga cikinsu ana iya faɗin sunansu ko ba hoto, domin a sassaƙar Sin abin hannu ne ke nuna mutum, ba fuska ba. Kowane gwarzon tatsuniya yana da kayansa da ba ya rabuwa da su.

Mai goshin nan Shoulao ne, wasu su ce Shouxing, tsohon tsawon rai. A wurinsu tauraro ne, shi ne wanda Larabawa ke kira Suhailu. Mai son ganinsa ya dubi kudu bayan isha'i a watan Fabrairu, yana nan ƙasa-ƙasa da haske mai ƙarfi. Ɗan itacen hannunsa shi ne wanda Faransawa ke ce wa pesh. A tatsuniya yana fitowa ne a lambun Xiwangmu, sarauniyar yamma, sai bayan shekara 3000 yake nuna, wanda ya ci kuma ba ya mutuwa. Sau da yawa akan sa masa barewa mai rassan ƙaho ko tsuntsu mai dogon wuya a gefe. Kyauta ce da ake kai wa dattijo ranar zagayowar haihuwarsa, kuma yawanci su uku suke tafiya: Fu mai riƙe da yaro ko naɗaɗɗiyar takarda, Lu mai hular fadawa da sandar girma, sai shi Shou. A sake duba akwatin, ko sauran biyun suna ciki.

Kwaɗon bai karye ba, haka aka yi shi: biyu a gaba, ɗaya a baya a tsakiya. Saurayin Liu Hai ne. Ana danganta shi da wani babban ma'aikacin fada na ƙarni na 10 da ya ajiye muƙami ya bi tafarkin addinin Dao. Kwaɗon nasa kan gudu ya faɗa rijiya, shi kuma ya jawo shi da igiyar da aka jera wa kuɗin ƙarfe masu huda mai kusurwa huɗu a tsakiya. Saboda haka ƴan kasuwa ke son sa, alamar arziki ce. Duba hannunsa: in babu igiyar kuɗin, za ka ga inda ta ɓalle. Wasu irinsa ma mazubin turare ne, a buɗe bayan kwaɗon a sa garwashi, hayaƙi ya fita ta baki.

Ramammen shi ne Li Tieguai, mai sandar ƙarfe, ɗaya daga cikin Marasa Mutuwa Takwas da suke kira Baxian. Labarinsa: ruhinsa ya fita yawo, ya bar wa almajirinsa gangar jiki da umarnin ya jira kwana bakwai. Ran na shida aka aiko uwar yaron ba lafiya, sai ya ƙone jikin ya tafi. Da ruhin ya dawo bai tarar da komai ba sai gawar wani gurgun mabaraci, ya shiga. Goran na magani ne, shi ya sa masu sayar da magani suka riƙe shi a matsayin alamarsu. Tunda su takwas ne, ga yadda ake gane sauran in an ci karo da su. Zhongli Quan ciki a buɗe da mafici. Lü Dongbin takobi a baya da izga a hannu. Zhang Guolao tsoho a kan jaki, sau da yawa ya juya baya ga kan jakin, riƙe da gangar gora mai sanduna biyu. Han Xiangzi sarewa, Lan Caihe kwandon furanni, Cao Guojiu tufafin fada da ƴan katakon kiɗa. He Xiangu ita ce macen cikinsu, tana riƙe da fure irin na bado.

Mai cikin nan Budai ne, wani sufin addinin Buda da ya rayu a yankin Zhejiang a farkon ƙarni na 10, yana yawo da buhun zane. Ba shi ne Budan Indiya ba, ko da yake ƴan kasuwa na kiransa Buda mai dariya. Amma huda biyun nan sun kai shi Japan. Can sunansa Hotei, kuma abu mai wannan girman da huda biyu netsuke ne, wato maƙalin igiyar da ake rataya ƴar jaka a ɗamara da ita, tunda rigarsu ba aljihu.

Na biyar aikin Shiwan ne, kusa da Foshan a lardin Guangdong. Barin fuska da hannu ba ƙyalli salonsu ne. In akwai ƴar huda a dunƙulen hannunsa, wurin sandar kamun kifi ne da ta ɓata. Masu sayarwa kan ce Jiang Taigong ne, tsohon da ya zauna bakin kogin Wei da miƙaƙƙiyar ƙugiya har Sarki Wen na Zhou ya zo ya ɗauke shi mashawarci. Mai yiwuwa ne, amma mafi yawansu masunta ne kawai, na ƙawata tukunyar ƙananan bishiyoyi.

Abin da nake son magada su riƙe: sanin suna ba ya ba da shekaru. Waɗannan siffofi ana yin su tun daular Ming (1368 zuwa 1644), aka ci gaba a Qing (1644 zuwa 1911), ana kuma zuba su yau a masana'anta, da goshi ɗaya da gora ɗaya. Shekaru a jikin kayan ake karanta su.

Maƙerin Zango:

Malama ta gama da sunaye, Allah ya ƙara sani. Bari in kama ƙarfen da dutsen.

Fara da mayen ƙarfe, ko na tsohuwar lasifika ya isa. In ya kama, baƙin ƙarfe ne aka shafa wa launi. In bai kama ba, juya gindin, ka sami wurin da ido ba ya kaiwa, ka ja bakin magagari sau ɗaya, tsawon ƙwayar gero biyu. Rawaya mai haske tagulla ce mai tutiya da yawa. Ja-ja mai duhu jan ƙarfe ne da kuza. Fari mai toka-toka kuwa tutiya ce ko dalma aka zuba aka rina, wannan kayan araha ne komai kyan fuskarsa.

Sai zubin. Tsohon aiki da kaki ake yi, yadda maƙeran farin ƙarfe suka sani: a gina ciki da yumɓu, a lulluɓe da kaki a sassaƙa, a sake rufewa da yumɓu, a narkar da kakin, a zuba ƙarfe. Leƙa ciki da tocilan, za ka ga ragowar ƙonannen yumɓu a lungu, wani lokaci da ƴan ƙusoshin da suka riƙe cikin. Bayan zubi mai aikin yakan bi gashi da bakin riga da ƙaramar kurfi, layin ya fito da kaifi, wani ya fi wani zurfi. Inda zubi ya bar rami kuma yakan yanka ɗan faci mai kusurwa huɗu ya dasa. Facin nan ba aibi ba ne, alama ce mai kyau. Sabon aiki kuwa kwafi ne, da roba ake ɗaukar siffar wani. Gashin sai ya fito a dakushe kamar ya narke, ka kuma ga ƴan ƙwayoyi zagayayyu a lungu, tsakanin yatsu ko ƙarƙashin haɓa, inda iska ta maƙale lokacin ɗaukar siffar.

Launin ma a gwada shi. Jiƙa auduga da ruwan goge jan farce, ka murza a wuri ɗaya a baya na daƙiƙa 20. Duhun da shekaru suka yi ba ya fita. In audugar ta yi baƙi ko ruwan ƙasa, fenti ne ko man takalmi. Ka lura da inda ya goge: hannun mutane kan hanci, gwiwa da bayan kwaɗo yake ci, a hankali, ba layi. In ka ga gogewa cikin lungu, ko ƙananan layuka a jere, takardar yashi ce ta bi.

Dutsen kuma nauyi ne zai faɗi gaskiyarsa. Nemi sikeli mai nuna giram, na masu zinare ko na kicin. Auna shi a bushe ka rubuta. Ɗora kwanon ruwa a sikelin ka mayar da shi sifili. Ɗaure dutsen da zare, ka nutsar da shi duka yana rataye, kada ya taɓa ƙasa ko gefen kwanon, ka rubuta abin da sikelin ya nuna. Raba na farko da na biyu. Dutse mai laushi irin na Shoushan da Qingtian, wurare biyu a Sin, yakan ba da 2.6 zuwa 2.8. Jed, wato dutsen ado mai tauri, iri biyu ne: wanda ake kira nefrait wajen 2.9 zuwa 3.0, na ƙasar Bama wajen 3.3. Gilashi wajen 2.5. Roba zalla 1.1 zuwa 1.2, in an cakuɗa ta da garin dutse takan haura amma ba ta kai 2.5 ba. Kuskuren da ake yi shi ne barin kumfar iska a ƙarƙashin gemu ko cikin hannun riga, sai lissafin ya faɗi. Girgiza zaren har kumfar ta tashi. Ƙarfen kada a wahala da auna shi haka, cikinsa rami ne, lissafin ƙarya zai bayar. Itacen, farin da na yumɓun kada su ga ruwa.

Bayan nauyi sai tauri. Allura a ƙarƙashin gindi: dutse mai laushi zai ba da farin gari nan take, jed kuwa ko wuƙa ba ta kama shi, sai ma ta bar masa layin ƙarfe da yatsa ke gogewa. Farin kuma a ɗora masa allura mai zafi cikin hudar, in roba ce za ta nutse.

Na Garin Malam:

Ƴan uwa, a yi haƙuri da katsalandan. Kafin a kai ga kuɗi, magada su kai maganar gaban malamin da zai raba gadon, su gaya masa ƙarara cewa siffofin mutane ne, wasunsu kuma ana girmama su a addinin masu su. Hukuncin ajiye su da cin kuɗinsu nasa ne ya faɗa, ba na zaure ba.

Malamar Tarihi:

Allah ya gafarta Malam, gaskiya ne, kuma ga abin da zai taimaki mai ba da fatawar. Shoulao, Budai da Li Tieguai duk ana samunsu a wuraren bauta, amma ba kowane aka sassaƙa don haka ba. Na itace da aka yi don bagade yakan kasance da rami mai kusurwa huɗu a baya, an toshe da ɗan katako. A ciki ake sa takardar addu'a da wasu ƴan abubuwa ranar keɓe shi. Wanda aka yi don kanti ko don Turawa ba shi da wannan. A duba bayan na ukun.

Ɗan Birni:

Na gode ƙwarai, Malama da Baba Maƙeri, Malam kuma za a kai masa maganar. Ga abin da aka samu. Dutsen giram 411 a bushe, 151 a ruwa, ya ba da 2.72, allura ta kama shi. A bakin rigarsa akwai zanen gajimare siriri sosai, da ɗan ƙyallin zinare a wasu layukan, gemun kuma an shiga shi da baƙi. Ƙarfen maye bai kama ba, rawaya ne a ciki, akwai ƙwayoyin nan tsakanin yatsun kwaɗon, auduga ta yi baƙi. Akwai kuma wani koren gari a bakin kwaɗon. Na itacen ba rami a baya, amma an huda shi daga gindi har wuya, idanunsa gilashi ne, haƙoransa farare dasassu. Farin ba a sa masa allura ba tukuna. Hudojinsa girmansu ɗaya, kuma akwai layuka a miƙe a jere a jikinsa.

Tsohon Dillali:

Madalla da ba a sa allurar ba. Baba Maƙeri, a gafarce ni, nan kam ban bi ka ba. In haure ne, allura mai zafi ta bar masa tabon ƙuna har abada. In kuma seluloyid ne, wato tsohuwar robar da aka riƙa kwaikwayon haure da ita tun ƙarshen ƙarni na 19, wuta yake kamawa da sauri, a hannunka. Ido ya isa. Ari gilashin masu gyaran waya mai ƙara girma sau 10, ka dubi gindin inda aka yanke a kwance. Hauren giwa yana da layuka masu gicciye juna, suna yin ƴan kusurwoyi kamar raga, kuma roba ba ta iya kwaikwayonsu daidai. Ƙashi yana da ɗigo-ɗigo baƙaƙe da gajerun tsagogi, hanyoyin jini ne da datti ya cika. Layuka a miƙe, tazararsu ɗaya daga sama har ƙasa, na masana'anta ne. Murza shi a tafin hannu har ya yi ɗumi ka shinshina: ƙamshin kafur seluloyid ne. Fitilar duba jabun kuɗi ma tana taimako, haure kan yi fari mai shuɗi-shuɗi a ƙarƙashinta, yawancin roba kuwa a dushe. Sannan netsuke da aka yi amfani da shi, sau da yawa huda ɗaya ta fi ɗaya girma don ƙullin igiya ya ɓuya, bakinsu kuma igiya ta cinye shi ya yi sumul. Huda biyu masu girma ɗaya da baki mai kaifi injin huda ne. Da abin da ka faɗa, ɗana, na cire rai da wannan. Kuma ku gode wa Allah, domin da haure ne da ya zama kaya: tun 1989 yarjejeniyar CITES ta hana cinikinsa tsakanin ƙasashe, Nijar na cikinta, Sin kanta ta rufe kasuwarsa a ƙarshen 2017. A duwan ƙwace shi za a yi, mai shi kuma ya amsa tambayoyi.

Liu Hai ma sabo ne, Baba ya riga ya ba ku dalilai biyu, ƙwayoyin nan da baƙin audugar. Hatimin kada ya ruɗe ku. Ɗauki hotonsa ka nuna wa mai karanta rubutun; a irin waɗannan kaya galibi Da Ming Xuande nian zhi ne, wato an yi a zamanin Sarki Xuande na Ming, 1426 zuwa 1435. Tagullar zamaninsa ta yi suna har aka shafe ɗaruruwan shekaru ana buga hatimin a kan abin da aka zuba daga baya, har yau ba a daina ba. Ko a kan mazubin turare, inda ya fi yawa, masana ba sa ɗaukarsa hujja, balle a gindin saurayi da kwaɗo. Haka hatimin Qianlong, 1736 zuwa 1795. Wani abin lura ga masu saye: duk wanda ya nuna maka koren jed na Bama ya ce na Ming ne, ka wuce, don sai a ƙarni na 18 dutsen ya yawaita a Sin.

Masuncin hatiminsa ya fi gaskiya. Dokar harajin Amurka ta 1890 ta wajabta rubuta sunan ƙasa a kan kayan da ake shigarwa, ta fara aiki a 1891. Saboda haka abin da aka buga wa CHINA da harafin boko bai girmi 1891 ba, kuma don fitarwa aka yi shi. Leƙa ramin ƙarƙashinsa. Sawun yatsa a yumɓun, da hanci da kunne da aka huda da tsinke, aikin hannu ne na farkon ƙarni na 20. Ciki sumul da layin haɗi a gefe zubi ne na baya-bayan nan. Ko tsohon ne, an yi su da yawa, kuɗinsa kaɗan ne.

Li Tieguai da idon gilashi, dasassun haƙora da wayar azurfa salo ne sananne na ƙarshen Qing zuwa shekarun 1930, ana yi ana lodawa zuwa Turai. Hudar da ta ratsa shi ta wayar lantarki ce, an taɓa mayar da shi gindin fitila. Ita da tsagar sun rage masa daraja, amma tsoho ne na gaske.

Dutsen shi ne wanda ba zan yarda a yi masa kuɗi a tsaye ba. Zanen bakin riga mai siriri da zinare a ciki, da gemu da aka shiga da baƙi, salon masu sassaƙar Shoushan ne na kusa da Fuzhou tun ƙarni na 17 da 18. An kwaikwaye shi daga baya, don haka ba hujja ba ce ita kaɗai, amma ya isa a dakata. Sa gilashin a kan layukan. Wuƙar hannu tana barin layi mai shiga da siriri, ya yi zurfi, ya fita da siriri. Injin da ke juyawa yana barin layi mai faɗi ɗaya, gindinsa a zagaye, da ƴan tsalle-tsalle inda ya zame. Ɗauki hoto shida a inuwa da rana, ba filasha: gaba, baya, gefe biyu, gindi, da bakin rigar kusa-kusa, da ma'auni a gefe. Gidajen gwanjon kayan tarihi na Turai da yawa suna duba hoto ta intanet su faɗi ra'ayinsu. Kada a sayar da biyar ɗin a dunƙule, mai saye kuɗin huɗun zai biya ya tafi da dutsen kyauta.

In akwai tsohuwar jarida, wasiƙa ko rasit da aka naɗe su da shi, kada a yar. Damagaram ce hedikwatar mulkin mallaka har 1926, kuma cikin sojoji da ma'aikatan Faransa akwai waɗanda suka yi aiki a Indocin, maƙwabciyar Sin ta kudu, kafin su zo Afirka. Wannan hanya ɗaya ce da kayan za su iya biyowa su iso nan. Tsarabar alhazai hanya ce, ƴan kasuwarmu masu zuwa Gwanzu hanya ce, ga kuma Shinuwa da suka yawaita tun aikin matatar mai da aka buɗe a 2011. Takarda mai kwanan wata ita ke raba waɗannan hanyoyi.

Malamar Tarihi:

Saura ajiya, kuma nan ne garinmu ke da wuya. Itace yana son danshin iska kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. A hunturu namu yakan sauka ƙasa da 20, a watan Agusta ya haura sosai. Itacen ya tsuke, ya kumbura, ya tsuke, haka tsagar kafaɗar nan ta samu. Babban kuskure shi ne a cike ta yanzu da gam ko garin katako. Damina na zuwa itacen zai so ya rufe, ya tarar da abu mai tauri a ciki, sai tsagar ta ƙara gaba ta ƙasa. A bar ta a buɗe. Wayar azurfar ma tsukewar ce ke ɗaga ta, saboda haka kada a goge shi da tsumma, zare zai kama bakin waya ya zare ta. Buroshi mai laushi na masu zane, daga sama zuwa ƙasa, shi ke nan. Kada a shafa man gyaɗa, man kaɗe ko man shanu: suna yin ɗoyi, su baƙanta itace, su riƙe ƙura.

A naɗe shi da farin ƙyallen auduga wankakke, ninki uku ko huɗu, a sa a roba mai murfi mai kamawa. Audugar ce ke shan sauyin iska kafin ya kai ga itacen. A ajiye a ɗakin ƙasa ko soro, nesa da taga, ba ƙarƙashin rufin kwano ba, ba kuma a ƙasa ko jikin bango ba saboda gara. Mai hali ya sa ɗan ma'aunin danshi a ciki. Ana gwada gaskiyar ma'aunin da gishirin miya: cika murfin kwalba da gishiri, ɗiga ruwa har ya jiƙe bai narke ba, rufe su tare a leda kwana guda. Ya kamata ya nuna 75, abin da ya kauce da shi sai a riƙa cirewa ko ƙarawa. In an ga sabon garin itace mai haske a ƙarƙashinsa, ƙwaro na ciki. Kada a fesa maganin sauro, yana ɓata azurfa da shafen jikin. A ware shi cikin leda a nemi ma'aikatan gidan tarihi.

Dutsen mai laushi ne, ƙurar hunturu kanta tana karce shi in aka murza, don akwai yashi a cikinta. A hure, a bi da buroshi. Masu tara dutsen Shoushan sukan shafa masa ɗan mai, amma ba mai zinare da baƙi a jiki ba, man zai ɗaga su. Tunda ya sha ruwan awo, a bar shi ya bushe a inuwa kwana biyu kafin a naɗe. Kowane da ƙyallensa, kada ƙarfe ya gogi dutse. Farin, in seluloyid ne, a raba shi da sauran gaba ɗaya, a wuri mai iska nesa da wuta, domin in ya tsufa yana fitar da tururi mai cin ƙarfe.

Maƙerin Zango:

Na karɓi gyaran Alhaji Dillali kan allura. Koren garin bakin kwaɗon kuma kada a raina shi don abin sabo ne. Kore iri biyu ne. Mai duhu, mai tauri, manne da jiki, ba ya cutarwa. Mai haske da ke zuba kamar gari in an taɓa shi da tsinke, gishiri ne ke cin ƙarfen daga ciki, kuma masu tsufar da sabon zubi da gishiri su ke jawo shi. Da danshi yake aiki, shi ya sa yake lafawa a rani ya tashi a damina. A kankare shi da tsinken sakace, a share da auduga da barasar asibiti mai ƙarfi, kashi 90 ko sama, a bar shi ya bushe. Kada a kusance shi da tsamiya, lemun tsami ko toka yadda ake wanke tasoshin tagulla, za su cinye launin duka su ƙara masa ciwon. Shi akasin itace ne, bushewa yake so, ƙasa da kashi 40. A ba shi robarsa daban, da ƙunshi biyar ko shida na ƴan ƙwayoyin shan danshi da ke zuwa cikin kwalin takalmi ko na magani, a canza su farkon Yuni da tsakiyar Agusta. In garin ya dawo a wuri ɗaya bayan wata guda, cin ya yi zurfi, sai mai gyaran kayan tarihi da maganinsa.